Hannun Hagun Malam Ƙasimu

Kwana tara bayan soja sun miƙa mulki ga farar hula, Malam Ƙasimu ya faɗi a kan tafiretarsa. Fiye da shekara ashirin ya yi yana zama a gindin wata dalbejiya a gaban kotu, nan Gyaɗi-Gyaɗi, yana buga wa mutane takardun koke da na shaidar shekaru. Ran nan wata mata na zaune a benci tana jero masa sunayen 'ya'yanta, sai ta ga hannunsa ya zame daga kan na'urar, kansa ya langaɓe gefe. Kafin a kai shi asibitin koyarwa, inda 'yarsa Zulaihat take aikin nas, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Sati uku ya yi a gadon asibiti, aka sallamo shi gidansa da ke bayan kasuwar Tarauni. Rai ya tsira, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa: "bari". Idan yana jin ƙishirwa, bari. Idan an gaishe shi, bari. Ko da liman ya zo dubiya ya yi masa doguwar addu'a, abin da ya samu a madadin amin ke nan.

Shekarun Zulaihat ashirin da bakwai a lokacin. Aurenta na fari bai yi ƙarko ba, ta dawo ɗakin mahaifiyarsu, wadda ta rasu tun tana sakandare. A gidan akwai yayanta Shamsuddeen, ɗan acaɓa, da matarsa Husaina. Shi in ya fita da sassafe ba a sake ganinsa sai an yi isha'i, don haka jinya ta faɗo kan matan biyu: Husaina da safe, Zulaihat idan ta taso daga aiki.

Ba ta taɓa sakin jiki da mahaifinta ba. Mutum ne mai tsare gida, tun yana da lafiya ba ya magana sai ta kama. Rediyonsa na labarai ne kawai. Da an gama karantawa an sako kiɗa, kafin a buga ganga ta biyu ya murɗe. A haka suka tashi, ba kaset a gidan, ba waƙa, har ita kanta ta ɗauka kiɗa abu ne na gidan biki da motar haya, ba abin da mutum mai hankali zai zauna ya saurara ba.

Yanzu ga shi kullum a tabarma a baranda, an jingina shi da filo biyu, yana kallon bango. Masu gashin ƙashi a asibiti sun ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa da hannun dama. Ya ɗauke ta da hagu ya cilla cikin kwata. A waje kowa zancen romon dimokuraɗiyya yake yi, wai kwanan nan komai zai gyaru. A cikin gida kuwa Malam Ƙasimu sai ramewa yake yi, loma uku ta tuwo ya kau da kai.

A ɗakin da Zulaihat take aiki akwai wata tsohuwar nas 'yar ƙasar Filifin, Sista Lorna, wadda ta zo Kano tun zamanin da ake ɗauko ma'aikatan lafiya daga waje. Mutanensu duk sun koma, ita ma a ƙarshen daminar nan ta ajiye aiki. Ranar da take rabon kayanta, wannan ta samu tukwane, waccan ta samu labule, sai ta miƙo wa Zulaihat wani abu a cikin jakar yadi.

"Yukulele sunansa," in ji ta, da Hausarta mai karyewa. "Na mijina ne, shi ya mutu. Ki ba Baba, ya karta da yatsa na dama kullum-kullum. Ƙwallo ba ta magana, shi ya sa ya jefar. Wannan yana magana."

Kamar jita yake, sai dai ƙarami ne ƙwarai, mutum zai ɗauka na wasan yara ne. Tsirkiyoyinsa huɗu ne na roba, katakon ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Zulaihat ta karɓa don kunya, ta kai gida ta tura ƙarƙashin gado. Ta san mahaifinta.

Ya kwana goma a wurin. Wata Talata bayan la'asar, Baba ya ƙi koko, ya ƙi magani, har ya ture kofin ya zube mata a zani. Haushi da gajiya suka ishe ta. Ta shiga ɗaki ta jawo jakar, ta zare abin, ta ɗora masa a cinya.

"Baba, wannan ma magani ne," ta ce. "Likita ya ce a gwada."

Ƙarya ta yi, kuma ta ga alamar ya gane.

"Bari," ya ce.

Ta miƙa hannu za ta ɗauke, sai ta tarar hannunsa na hagu ya riga ta, ya damƙe wuyan abin. Ya daɗe yana kallonsa. Can ya saki, ya kamo matacciyar damarsa da hagu ya ɗora a kan cikin yukulelen don ta danne shi. Ya tsinki tsirkiya ɗaya, ya karkata kai yana saurare, ya murɗa ɗan kunnen ɗaure tsirkiyar da ke sama, ya sake tsinka. Haka ya bi su huɗun, ya koma ya sake bi. Husaina ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta tsaya baki buɗe.

Da ya gama saiti, sai ya jera yatsun hagu a wuya, ya zura wa babban yatsansa na dama ido. Yatsan bai motsa ba. Gumi ya tsatso masa a goshi, jijiyar wuyansa ta tashi, yatsa na nan kwance kamar ba nasa ba. Zulaihat ta kau da kai don kada ya ga ta gani. Sai ta ji an cafke mata wuyan hannu. Ya jawo ta kusa, ya ɗora babban yatsanta a kan tsirkiya, ya mayar da hagunsa wuya, ya fara buga ƙafar hagu a tabarma. Ta gane: duk bugun ƙafa, ta karta.

Sauti shida ne kacal. Su hau, su tsaya cak, su faɗo ƙasa da nauyi, a koma farko. Ba irin kiɗan da ta taɓa ji ba ne, ba na kalangu ba, ba na finafinan Indiya da take jiyowa daga maƙwabta ba. Da farko tana ta kuskure, yana cewa bari, bari, yana ƙara ƙarfin bugun ƙafa. A zagaye na goma ko fiye ta kama. Abin da ya ba ta mamaki shi ne wannan 'yar tsayawar ta tsakiya. Duk sanda aka zo wurin sai ta ji numfashinta ya ɗauke tana jiran faɗowar, ko da yake ta san tana zuwa. Har aka kira magariba suna kan abu ɗaya. Ran nan ya cinye tuwonsa tas.

Daga nan ya zama kullum bayan la'asar, sai ranar da take aikin yamma. Ta zauna a damarsa, kafaɗarta na taɓa tasa, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ya koya mata karta biyu a bugu ɗaya, ya koya mata dafe tsirkiya da gefen tafi don sautin ya shaƙe. Duk da ƙafa da harara ya koya mata. Cikin wata biyu suna da zubin kiɗa bakwai, kowanne gajere mai maimaituwa. Akwai mai tafiyar ƙasaita, akwai mai gudu har yatsanta ya yi zafi. Hannun daman dai bai taɓa motsawa ba, amma ta daina sa rai da shi. Wani lokaci a wurin aiki, tana lissafin bugun jinin majinyaci, sai ta tsinci kanta tana bin zubi na uku a zuci, dole ta sake lissafi daga farko.

Tambaya ɗaya ta hana ta sukuni, kuma ba wanda za ta yi wa: a ina ya koyi wannan kiɗa? Amsar ta zo da kanta wata Juma'a. Akwai wani dattijo, Baba Tanko, mai gyaran rediyo a kasuwar Tarauni, wanda yakan leƙo dubiya jefi-jefi. Ya yi sallama ba su ji ba, Husaina ta ce ya shigo. Ya tsaya a bakin baranda, ledar lemo a hannunsa, har suka kai ƙarshe.

"Kas Waya!" ya ce. "Ashe kana nan a ciki."

Malam Ƙasimu ya ɗago. Rabin bakinsa mai rai ya ɗan ja sama, ya sunkuyar da kai.

Da ta rako shi zaure, Zulaihat ta tare ƙofa.

"Baba Tanko, wane ne Kas Waya?"

Dattijon ya zauna a kan dakali, ya cire hula ya sosa kai.

"'Yata, bayan yaƙin basasa mu biyar ne muka haɗa ƙungiyar kiɗa. 'Yan Tsawa ake ce mana. Ni ke kan ganguna, akwai Inyamurai biyu da wani ɗan Jos, ubanki shi ke riƙe da babbar jita ta lantarki, shi ake wa laƙabi da Kas Waya. Kiɗan Turawa muke yi, wanda ake kira rok, a otal-otal na Sabon Gari, har Kaduna ana ɗaukar mu. Waɗannan gajerun zubin da kuke yi, rif muke ce musu, su ke buɗe waƙa su riƙe ta har ƙarshe. Faifai sau biyu ubanki zai saurara ya ɗauke shi tsaf. In ya saki wannan na farkon, wallahi kwalabe har tafiya suke yi a kan tebur. Yau ga shi a bakin wannan ɗan abin kamar kukan sauro." Ya yi dariya, ya goge ido da bakin riga. "Amma shi ne. Ko ɗigo bai ɓata ba."

"To me ya sa ya bari?"

"Girma ya zo," in ji Baba Tanko. Ya mayar da hularsa, ya ce yana da aikin mutane a shago.

Juma'ar da ta biyo ya zo da rikoda da wani tsohon kaset da suka naɗa a wani wasa. Sautin ya dusashe, ihun mutane ya cika shi, amma da jitar ta shigo Zulaihat ta gane shi nan take. Zubin da ta sani ne, sai dai a nan gurnani yake yi, yana tsaga komai. Ta dubi siririn tsohon da ke jingine da filo, ta kasa haɗa shi da wannan ƙarar. Shi kuwa ya saurara har kaset ya ƙare, hawaye na bin gefen fuskarsa. Sannan ya lalubo carbinsa a ƙarƙashin filo, ya shiga ja da sauri-sauri, bai sake kallon kowa ba. Kwana biyu bai nemi yukulele ba. A na uku, da ta dawo daga aiki, ya nuna ƙofar ɗakinta da haɓa.

Ta lura da wannan, kuma ta lura kusan kullum in sun gama sai ya ɗauki carbi ya daɗe yana ja. Ta gaya wa kanta ai magariba ce ta gabato.

Haka aka ci rani, wata daminar ta shigo. A shekarar aka ƙaddamar da shari'a a jihar, gari ya ɗauki wani yanayi. Shamsuddeen na cikin matasan da abin ya shiga ransu da gaske. Ya daina ɗaukar mata a babur duk da cinikinsa ya ragu, ya koma makarantar magariba yana koyon littattafan da bai samu yi ba da ƙuruciya. Ba mugu ba ne. Shi ke yi wa Baba wanka da aski, shi ke goya shi zuwa banɗaki. Husaina ba ta taɓa gaya masa zancen kiɗan ba. A masallaci ya ji, wani maƙwabci ya ja shi gefe ya ce ana jiyo wani abu daga gidansu kullum da yamma.

Wata Laraba ya dawo da la'asar sakaliya, ya same su tsakiyar zubi na biyar. Bai ɗaga murya ba. Ya gaishe da Baba, ya ce wa Zulaihat ta zo zaure.

"Tun yaushe?"

"Wata tara, Yaya. Ka ga dai yadda ya murmure. Yana cin abinci, yana barci."

"Kin san abin da kika sa shi ya karya?"

Ta girgiza kai.

"Ina da shekara shida lokacin, na kuma ji sauran daga bakin Inna. Kakanmu malami ne, ya yi ta hana shi kiɗan nan, har ya daina cin duk abin da Baba ya sayo ya kawo gidan. Ranar da ciwon ajali ya kama shi, aka aika neman Baba, yana Kaduna wurin wasa. Sai da aka binne ya iso. A tsakar gidan Kaka, Baba ya fasa jitar da taɓarya, ina tsaye ina kallo. Ya dafa Alƙur'ani ya rantse hannunsa ba zai ƙara taɓa kayan kiɗa ba har ya mutu. Shekara ashirin da huɗu yana riƙe da wannan, Zulai. Sai da ya zama ba baki, ba ƙafa, ga kabari a gabansa, sannan kika ɗora masa a cinya."

"Ban sani ba."

"Na yarda ba ki sani ba."

"Kuma shi ya kama da hannunsa. Shi yake nuna mini ɗaki in ɗauko."

"Mai ciwon suga ma in kika ajiye masa alewa zai kama, ke kin fi ni sani. Ba ki jin abin da yake faɗa miki kullum?"

"Haka yake faɗa in an ba shi koko! Haka ya faɗa wa liman!"

"To ta yaya kika san wanne ne na gaske?"

Washegari kafin ta tafi aiki ta biya shagon Baba Tanko, ta same shi yana ƙona dalma a cikin wata rediyo. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

"Kana wurin ranar da ya rantse?"

Ya ajiye ƙarfen hannunsa. "Ni na riƙe masa butar alwala."

"Ka gan mu, ka yi shiru. Har kaset ka kawo."

"Na yi shiru," ya ce. "Shekara ashirin da huɗu ina gaisawa da Malam Ƙasimu, ban ƙara ganin abokina ba sai ran nan a barandarku. Son zuciya ne, 'yata, ba zan ɓoye miki ba. Ki yafe mini. Amma ko alheri kika yi masa ko akasin haka, wannan ban sani ba, wallahi ban sani ba."

Da yamma ita da Shamsuddeen suka durƙusa gaban mahaifinsu, yukulelen na ajiye a tsakani. Suka yi yarjejeniya za su tambaye shi, duk abin da ya nuna shi ke nan.

"Baba," in ji Shamsuddeen a hankali, "in kana so a ɗauke abin nan daga gidan, ka gyaɗa kai."

Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi 'yarsa. Kansa bai motsa ba.

"Baba, in kana so mu ci gaba, ka kama hannuna," in ji Zulaihat, ta shimfiɗa tafinta kusa da hagunsa.

Yatsunsa suka ɗan motsa a kan tabarma, suka tsaya. Ya rufe ido. Bakinsa ya yi ta ƙoƙarin haɗa wata magana, wata daban, har yawu ya zubo masa a haɓa, amma ba abin da ya fito. Sai kuka, irin na manya, mara sauti, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Husaina ce ta fito ta ce don girman Allah su tashi su ƙyale shi haka nan.

Shamsuddeen ya kai maganar gaban liman. Liman ya ce rantsuwar da aka karya kaffara ake yi mata, a ciyar da miskinai goma. Sauran kuwa tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, kada a ƙara tsananta wa mara lafiya da tambaya. Aka dafa shinkafa da wake ranar Juma'a aka fitar. Ba wanda ya umarci Zulaihat, ita da kanta ta mayar da yukulelen jakarsa ta ɗora a saman kwaba.

Gidan ya koma yadda yake. Bayan la'asar takan zauna kusa da shi ta yanke masa farce ko ta karanta masa jarida, labarin majalisa da rigingimun 'yan siyasa, yana kallon bango. Tuwo ya koma loma uku. Wata rana tana karatun ta ga ya kamo damarsa ya kwantar a cinya, yatsun hagu suna tafiya a kan fatar, suna dannawa suna ɗagawa. Ta gane zubi na biyu ne. Ta ajiye jaridar, ta tashi ta shiga ɗaki.

Sati shida ta daure. Ranar da ta kasa, Shamsuddeen ya tafi ɗaurin aure Wudil, Husaina ta je awo. Ta sauko da jakar, ta kakkaɓe, ta zare shi ta ajiye a tabarma inda hannunsa zai kai. Ba ta ɗora masa a cinya ba wannan karon.

"Ba kowa a gidan, Baba. In kana so."

Ya daɗe yana kallonsa, kamar ranar farko. Ya miƙa hannu ya shafa katakon da bayan yatsu. Sannan ya tura shi a hankali har ya sauka daga tabarmar, ya juya fuskarsa bango. Ta zauna tana jira ko zai juyo, har inuwa ta cinye tsakar gida. Bai juyo ba. Ba ta san ko rantsuwarsa ya koma wa ba, ko kuwa gudun ya sake ganin 'ya'yansa durƙushe a gabansa suna jayayya. Ba ta ƙara gwadawa ba.

Da zafin bazara ciwon ya sake bugunsa, wannan karon bai kwana uku ba. Zulaihat na riƙe da kansa, Shamsuddeen na laƙƙana masa kalmar shahada, ya cika da hantsi. Baba Tanko ya zo jana'iza, ya zauna zaman makoki na kwana uku a can ƙarshen tabarma, bai yi magana da kowa ba.

Bayan shekara ta auri wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, ta tare a Daurawa. Yukulelen ya bi ta cikin akwatin zannuwa. Mijin bai damu ba, ya ce dai kada baƙi su gani. Sai da ta zauna ita kaɗai da shi ta gane rabin aikin kawai ta iya. Damarta ta san komai, amma hagunta bai san inda ake dannawa ba, don duk watannin nan ƙafar Baba take kallo, ba yatsunsa ba. Ta yi ta lalube da kunne, wata da watanni, har ta tono uku daga cikin bakwai. Sauran huɗun tana jin su sarai a kanta, ta kasa fito da su. Ta koma wurin Baba Tanko neman kaset ɗin, ya ce rikoda ta tauna shi tuntuni, shi kuma makaɗin ganga ne, bai san ko tsirkiya ɗaya ba.

Tsakaninta da Shamsuddeen ba a yi faɗa ba, amma gaisuwa ce kawai ta rage, sai sallah ko rashin lafiya. Da ta haifi ɗanta na fari ya zo barka ana gobe suna, a sabon adaidaita-sahun da ya fara ja. Ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a, ya mayar mata. Mata sun fita tsakar gida wurin girki, ɗakin ya rage su biyu. Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makulli a hannu.

"Abin nan yana wurinki har yanzu?"

"Yana nan."

Ya gyaɗa kai. "Ran nan da na same ku, ba shigowata ke nan ba. Na fi rabin awa a zaure, ina leƙen ku ta labule. Tunda nake ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Har na juya zan koma bakin aiki, in yi kamar ban zo ba. Amma na tuna ranar taɓaryar. Ke ba ki ga wannan ba."

"Ban gani ba."

"Har yau ban ce na yi kuskure ba, Zulai. Sai dai ba ranar da ba na tunawa."

"Ni ma ban ce na yi ba, Yaya," ta ce. "Allah Ya jiƙansa."

"Amin."

Ya ce gobe zai zo da wuri ya taya ɗaukar kujeru, ya saka takalmansa ya fita. Ta ji ya yi ta fama da injin a ƙofar gida kafin ya tashi. Jaririn ya motsa ya fara kuka, ta gyara zama ta ba shi nono.